Kujerar Buhu Mai Tsada Ta Ci Kuɗinta? Tambayoyi da Amsoshi

Kujerar buhu, wadda 'yan kasuwa ke kira bin-bag, ta fara yawa a falukan matasa, da ɗakunan karatu, da wasu ofisoshi. Da zarar mutum ya shiga neman ta, zai tarar da farashi iri biyu masu nisa da juna: ga wadda ba ta fi kuɗin takalmi mai kyau ba, ga kuma wadda ta kusa kamo saitin kujerun falo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu niyyar saye suka fi yi.

Wace irin kujera ce wannan, kuma daga ina ta samo asali?

Babban buhu ne na yadi ko na fata da aka cika da abu mai laushi. Ba ta da katako, ba ta da ƙarfe, ba ta da ƙafa. Idan ka zauna, abin da ke ciki sai ya matsa gefe ya bi siffar jikinka. Wasu Italiyawa uku ne suka tsara ta a 1968, wato Piero Gatti da Cesare Paolini da Franco Teodoro, kamfanin Zanotta kuma ya fito da ita da sunan Sacco. Har yau ana yin ta, akwai ta ma a gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York. Daga baya wasu kamfanoni suka shigo da nasu salon: Lovesac a Amurka, wanda Shawn Nelson ya fara a 1995, da Fatboy na ƙasar Holan, da Yogibo, da Muji na Japan. Galibi waɗannan ake nufi idan an ce masu tsada, don farashinsu kan kai ɗaruruwan daloli, manya daga cikinsu har su haura dala dubu.

A ido duk ɗaya suke. Me ya raba mai tsada da mai araha?

A hoto kam ɗaya suke, shi ya sa ake yawan cutar mutane. Bambancin yana wuri uku, kuma biyu daga ciki ba a ganinsu sai an buɗe.

Na farko shi ne shafi, wato buhun ciki. Kujera mai inganci buhu biyu ce: na ciki yana riƙe da abin cikon, na waje kuma riga ce da ake cirewa a wanke. Mai araha buhu ɗaya ne tak, an zuba ƙwayoyin kai tsaye a cikin yadin da kake zama a kai. Ranar da yaro ya zubar da koko a kanta, ko ɗinki ya ɓare, ranar za ka gane abin da ka saya. Ba ka da halin wanke ta sai ka juye duk abin da ke ciki, kuma wanda ya taɓa bin waɗannan ƙwayoyi da tsintsiya ba ya fatan sakewa. A ganina, da za a ce a zaɓi abu guda da ya cancanci ƙarin kuɗi, to shafin ne.

Na biyu ɗinki. Duk nauyin mutum yana komawa ne kan layukan ɗinki, musamman lokacin da aka faɗa mata da ƙarfi, iskar da ke ciki tana neman hanyar fita. Mai kyau ana yi mata ɗinki layi biyu, a kuma bar mata ƙananan kafofi ko yadi mai shan iska. Ta banza layi ɗaya ne da zare mara ƙwari.

Na uku yadin kansa. Kamfanonin kirki sukan faɗi ƙarfin yadinsu da wani gwaji da ake kira Martindale, inda na'ura ke gugar yadi har sai ya fara lalacewa, a ƙirga sau nawa ya jure. Yadin da ya kai 20,000 zuwa sama ya isa zaman gida na yau da kullum. Idan mai sayarwa ba shi da ta cewa sai “ai wannan ɗan waje ne”, to ba amsa ba ce.

Abin da ya rage bayan waɗannan uku, kuɗin suna ne da na talla da na haya. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba kullum take nufin inganci ba.

Me ake zubawa a ciki? Na ji ana cewa akwai ta ƙwaya, akwai ta soso.

Haka ne, kuma zaman kansu ya bambanta ƙwarai, har ya kamata mutum ya yanke wannan kafin ya fara maganar launi.

Ta ƙwaya ana cika ta da ƙananan ƙwallayen folistarin, wato farin abin nan mara nauyi da ake tokare talabijin ko firji da shi a cikin kwali. Kusan kashi 98 cikin 100 na kowace ƙwaya iska ce. Shi ya sa kujerar babban mutum, wadda kan ci lita 200 zuwa 350, yaro ma zai iya jan ta daga falo zuwa ɗaki. Tana da ɗan tauri idan an zauna, tana tokare baya, kuma ba ta shan ruwa. Aibinta biyu: tana ƙara idan ka motsa, kuma tana lotsawa. Akwai masu ƙananan ƙwayoyi sosai, kamar na Yogibo da Muji, waɗanda ake haɗawa da yadi mai talewa. Sun fi laushi, sun fi bin jiki, sun kuma fi tsada. Akwai kuma wata ƙwayar ta folifirofilin da ke komawa yadda take bayan an danne ta, don haka ta fi daɗewa, sai dai ba ko'ina ake samunta ba.

Ta soso kuwa gutsattsarin soson katifa ne ake cusawa, irin na Lovesac. Wannan nutsewa ake yi a cikinta, ta fi kusa da gado fiye da kujera. Ba ta ƙara, kuma idan ta kwanta sai a jujjuya ta, a bubbuge ta, ta sake tashi. Amma tana da nauyi. Babba takan kai kilo 30 ko fiye, inda aka ajiye ta nan za ta zauna. Tana cin wuri, tana riƙe zafi, kuma idan ruwa ya shige ta a damina sai ta yi wari ko ta yi funfuna. Sabuwa takan zo a matse cikin leda, sai ta yi kwanaki kafin ta gama buɗewa, don haka kada a yanke mata hukunci a ranar farko.

Mai son karatu ko kallon ƙwallo a zaune, ta ƙwaya ta fi masa. Mai neman wurin kishingiɗa bayan azahar, ta soso.

Idan na sayi mai tsada, ba za ta lotsa ba ke nan?

Za ta lotsa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙwayar folistarin idan aka yi ta danne ta, iskar cikinta ke fita, ba ta kuma dawowa. Kujerar da ake zama a kanta kullum takan nemi ƙari cikin watanni zuwa shekara guda, gwargwadon nauyin mai zama da ingancin ƙwayar. Abin da tsada ke ba ka shi ne ƙwaya sabuwa mai ƙwari, ba wadda aka niƙa daga tsofaffin kwalaye ba, da kuma riga da za ta jure ciko bayan ciko. Saboda haka kafin ka biya, ka tambayi inda za ka sami ƙwayar ƙari a garinku da kuma nawa ake sayar da ita. Idan babu, kujerar mai tsada za ta koma shimfiɗar kyanwa kafin shekara biyu.

Da zafin garinmu, za ta zaunu kuwa?

Wannan tambaya ta fi muhimmanci a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram fiye da a ƙasashen da aka ƙera kujerar, don a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a waɗannan garuruwa. Kujerar katako iska na ratsa ta ta ƙasa da ta baya. Ita kuwa kujerar buhu rungume mutum take yi, kuma folistarin abu ne da ake amfani da shi wajen hana zafi fita, irin wanda ke cikin bangon kular ƙanƙara. Zafin jikinka yana nan tare da kai.

Nan ne zaɓin riga ke aiki. Auduga mai kauri, ko kanbas, ko yadin jins sun fi dacewa. Karammiski da mai gashi-gashi suna da kyau a ido, suna da daɗi a hunturu, amma a bazara sai dai a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta yankewa, kuma mun san yadda wutar lantarki take. Fatar roba kuwa ita ce mafi muni: tana manne wa fata da gumi, kuma bayan wani lokaci sai ta fara ɓarewa tana zubar da ɓawo a kan kafet. Fata ta gaske ba ta yin haka, amma tana son a riƙa shafa mata mai, in ba haka ba iskar hunturu ta busar da ita ta tsattsage.

Tana maganin ciwon baya kamar yadda ake tallata ta?

Ba magani ba ce. Wasu suna jin daɗinta don nauyinsu yana bazuwa, babu wurin da ke danne su. Wasu kuma idan sun daɗe a kai sai su tashi da ciwon ƙugu ko na wuya, musamman in ta lotsa har gindi ya kusa taɓa ƙasa. Ba wurin yin aikin kwamfuta na yini guda ba ne. Mai ciwon baya na gaske ya tambayi likitansa, kada ya tambayi mai shago.

Ina so in saya wa mahaifina don ya riƙa hutawa. Ya dace?

Allah ya saka da alheri, amma a sake shawara. Zama a kanta ba wuya, tashin ne aiki. Ba ta da hannu da za a dafa, tana ƙasa-ƙasa, kuma duk inda ka tokara nutsewa yake yi. Dattijo mai ciwon gwiwa, ko mace mai tsohon ciki, ko wanda aka yi wa tiyata, sai an miƙa masa hannu. Ga kuma batun mutunci: Baba da babbar riga yana mirginawa gefe don ya miƙe a gaban baƙi, ba zai gode maka ba. Kujera mai hannu da madogara, mai ɗan tsayi, ta fi masa sau goma.

Akwai yara ƙanana a gidana. Akwai hatsari?

Akwai, kuma wannan ba wurin neman rangwame ba ne. Hatsarin yana cikin zif. Idan yaro ya iya zuge shi, zai iya cusa kansa ciki ko ya shige gaba ɗaya, ƙwayoyin su shige masa hanci da baki su toshe numfashi. Abin ya faru. A 2014 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta sanar da janye kujerun buhu kimanin miliyan 2.2 na kamfanin Ace Bayou, bayan yara biyu sun rasu a cikinsu, ɗaya ɗan shekara 13, ɗaya 'yar shekara 3. Ka lura da shekarun na farkon: ba jarirai kaɗai abin ya shafa ba.

Shi ya sa kamfanonin da ke bin ƙa'ida suke cire marikin zif ɗin, ko su sa wanda ke kulle kansa, sai babba ya zura ɗan waya ko allurar maƙala takarda kafin ya buɗu. Idan ka ga zif ba mariƙi, ba lalacewa ya yi ba, da gangan ne. Idan kuma ta gida ce aka ɗinka maka, ka sa tela ya ɗinke bakin buhun ciki gaba ɗaya. Gara ka farke ɗinki ranar ciko da ka bar ƙofa a buɗe.

Abu na biyu, ba a kwantar da jariri a kanta, ko na minti biyar ne, ko da uwar tana kusa. Fuskarsa na iya nutsewa, shi kuma ba shi da ƙarfin juyawa. A faɗa wa 'yar aiki da yayyensa, don su ne suka fi ganin ta kamar gadon jariri.

Batun wuta fa?

Folistarin da soson katifa duka suna kamawa, suna narkewa, suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba. A Birtaniya akwai dokar 1988 da ta tilasta wa masu kayan ɗaki su ci gwajin wuta, shi ya sa za ka ga takardar shaida a jikin wasu. Da takarda ko babu, a nisanta ta da kaskon turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da kyandir, da garwashin jin ɗumi a hunturu. Kada kuma a bar waya tana caji a kanta. Nutsewa take yi ta ɗau zafi.

In yi odarta daga waje, ko in nema a nan?

Yi lissafi tukuna, don kuɗin dako ne ke kashe wannan ciniki. Kamfanonin jigilar kaya ta jirgin sama ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da wurin da kaya ya ci. Yawancinsu sukan auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita, su ninka, su raba da 5,000, abin da ya fito shi ne kilon da za a caje ka idan ya fi nauyin gaske. Kujera mai lita 300, in an ninka tsawo da faɗi da tsayinta da santimita, za a sami 300,000. Raba da 5,000, ka sami kilo 60. Alhali a sikeli ba ta wuce kilo 6 ba. Kana biyan dakon iska ne daga wata nahiya, ga kuɗin kwastam a kai.

Ga kuma garanti. Wasu kamfanonin suna alfahari da garantin shekaru, har da na tsawon rai, amma yawanci yana aiki ne a ƙasar da aka saya, ko kuma kai za ka biya kuɗin mayar da kayan. Garantin da ba za ka iya kai wa ba, bai kamata ka biya kuɗinsa ba.

Dabarar da ta fi ita ce a sayo rigar da shafin kawai, waɗanda za su shige cikin jakar matafiyi, a cika a gida. Ta soso dai takan zo a matse, don haka girmanta bai kai haka ba, amma ita nauyin gaske ne da ita.

Tela ko mai kujeru na unguwa zai iya yi mini?

Ƙwarai kuwa, in ka san abin da za ka gaya masa. Ka nemo yadi mai kauri, a Kantin Kwari ko kasuwar garinku, ka kai wa mai yin kushin wanda kekensa ke cin yadi mai nauyi, ba mai ɗinkin kaftani ba. Ka ce buhu biyu kake so, ɗinki layi biyu, zaren nailan, da dogon zif a rigar waje don shafin ya fita cikin sauƙi. Gutsattsarin soso ba ya wuya a wurin masu kujeru da masu katifa, sai dai ka tsaya a kai a ba ka sabo. Na tsohuwar katifa yana iya zuwa da kuɗin cizo. A yanka shi ƙanana, in ba haka ba za ka riƙa jin gudaji a bayanka.

Kada kuma a manta muna da namu tun da daɗewa. Tumtum na fata da dukawan Kano da Sakkwato ke yi, wanda ake samu a Kasuwar Kurmi, dangin wannan kujera ne, sai dai shi ana cusa shi da tauri, da audugar rimi ko tsummoki, don a jingina ko a ɗora ƙafa. Baduku mai hannu zai iya yi maka babba da fatar gaske. Sai dai fata ba ta talewa kamar yadi, don haka ba zai rungume jiki yadda ta kanti ke yi ba. Ni dai in don ado ne da daɗewa, tumtum na fi so. In don nutsewa ne, yadi.

'Yata za ta yi aure. In sa mata a kayan ɗaki?

Hajiya, in ƙari ce a kan saitin kujeru, kuma falon yana da fili, ba laifi, za ta ji daɗinta. Amma kada ta maye gurbin kujera. Dangin miji za su zo ganin ɗaki, surukai za su zo gaisuwa, babu wanda za a nuna wa buhu a ce bismillah. Ki auna wurin kafin ki saya: ta mutum ɗaya takan ci kusan mita guda kowane gefe, manyan na soso kuwa mita ɗaya da rabi ko fiye. Ki kuma zaɓi launi mai ɗan duhu, don a ƙasa take zama, kuma nan da 'yan shekaru in Allah ya kawo rabo, yara ne za su gaje ta.

To a taƙaice, wa ya kamata ya biya kuɗin mai tsada?

Wanda zai zauna a kanta kusan kullum, wanda ya riga ya mallaki kujerun zama na sosai, wanda kuma ya san inda zai sami abin ƙari. Shi wannan in ya raba kuɗin da yawan shekarun da za ta yi masa, zai ga ta fi masa sauƙi a kan ya yi ta sayen mai araha har sau uku. Haka ma makaranta ko ɗakin karatu ko ofis, inda mutane da yawa ke hawa: nan yadi mai ƙarfi da rigar wankewa ba ado ba ne, larura ne.

Wanda bai taɓa zama a irinta na awa guda ba, kada ya fara da mai tsada. Mutane da yawa sha'awar mako biyu ce, daga nan ta koma wurin tara wanki. Ya fara da matsakaiciya mai shafi, ko ya sa a ɗinka masa, ya ga ko jikinsa ya karɓe ta. Haka ɗalibin da zai bar gari bayan shekara, ko mai kyanwa mai son wasa farce.

Idan na je shago, me zan duba kafin in biya?

Ka zauna a kai na aƙalla minti goma, ba taɓawa da hannu kawai ba, sannan ka gwada tashi ba tare da taimako ba. In gindinka ya taɓa ƙasa, cikon bai isa ba. Ka nemi a buɗe rigar ka ga shafin da idonka. Ka ja ɗinki ta gefe biyu. In ka hango zare yana buɗewa, bar ta. Ka shinshina, don soso mara kyau yana da warin sinadari da ba ya saurin fita. Ka tambaya ko ana sayar da rigar daban, domin samun riga biyu, ta auduga don bazara da mai kauri don hunturu, ya fi sayen kujera biyu.

Yaya ake ƙara mata ƙwaya ba tare da an cika gida da ita ba?

Mutum biyu ake yi, ɗaya ya riƙe bakin buhu, ɗaya ya zuba. A kashe fanka, a rufe taga, a fitar da yara. A naɗe kwali kamar mazurari, ko a yanke gindin babbar gorar ruwa, a zura bakinta cikin buhun. A hunturu aikin ya fi wuya, don busasshiyar iska na sa ƙwayoyin su manne wa hannu da tufafi da bango; ɗan fesa ruwa kaɗan a bakin ledar da kuma a hannu yana rage haka. Kada a cika ta dam. Kashi biyu cikin uku zuwa kashi uku cikin huɗu ya isa, domin ƙwayoyin na bukatar wurin da za su matsa idan an zauna. A zuba kaɗan, a rufe, a zauna a gwada, sannan a ƙara. Waɗanda suka zube a kwashe su nan take kafin kaji ko yara su tsince su, kuma kada a share su cikin kwata, don ba sa ruɓewa.